Mai Kwalba Ya Tafi Ledarsa Tana Kwana Tara

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, wanda masu lambu suka fi sani da Mai Kwalba. Daga Allah muka zo, wurinsa kuma kowa zai koma. Kwana biyu kacal ya yi a gadon asibiti. Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe tana yi masa alama yana ɓoye mana. Ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu da ke karatu, da lambun tumatir guda ɗaya wanda da shi gidan ke ci. Ranar da ya cika, lambun nan yana rufe ruf da leda, kwananta tara da shimfiɗawa, saura sha biyu a yaye ta.

Yaya, ni ce ƙanwarka mai renon dashe, wadda kake cewa bakinta ya fi hannunta sauri. Wata guda ke nan da 'yan kwanaki ina riƙe da bakin nan, ina amsa gaisuwar mutanen da ko kallo ba ka ishe su ba kana raye. Yau na gaji. Na san da kana nan da ka ce in bari, kamar yadda ka saba. To ba ka nan, ni kuwa ban gaji haƙurinka ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma kai ka kwashe shi duka.

Bari in fara da aikinka, domin yawancin masu yabonka a yau ba za su iya faɗin abin da kake yi ba. Ƙasa tana gajiya da tumatir. In aka shekara ana dasa shi wuri ɗaya, cuta takan tare a cikinta. Akwai wata tsutsa da ido ba ya gani, mai shiga saiwa, in ka tuge shukar sai ka ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle. Akwai kuma ciwon yaushi. Shuka ta girma ta yi fure lafiya lau, da safe tana tsaye, da azahar ta langaɓe, bayan kwana uku ta mutu da 'ya'yanta kore shar a jikinta. Feshi a ganye ba ya yi musu komai, don ciwon ba a ganye yake ba. Shekaru da yawa manoman wajenmu suna fesa ganye suna zagin iri.

Kai ne ka ce a koma ƙasa. Ka bi malaman gona, ka yi tambaya har suka gaji da kai, ka koyi turara ƙasa da magani. Na ga ka yi shi sau da yawa har na haddace. Sai ka jiƙa ƙasar kwana biyar tukuna, don a cewarka cutar da ke kwance a busasshiyar ƙasa magani ba ya kama ta. Sannan ka sa takunkumin nan mai hanci biyu, da safar roba, da takalmi har gwiwa, ka barbaɗa maganin, ka juya shi da ƙasa, ka yayyafa ruwa, a ja leda a rufe. Bakin ledar kuwa da hannunka kake bi kana binnewa, taku bayan taku, don kada hayaƙin da maganin ke fitarwa ya sami kafar gudu. Ka ɗauki gawayi ka rubuta kwanan watan a ƙofar rumfar kayan aiki. Kwana ashirin da ɗaya ba mai taɓa ledar. Bayan an yaye, a juya ƙasar, ta sha iska mako guda.

Daga nan sai kwalba, wadda ta jawo maka suna. Kwalabe biyu kake ɗauka masu murfi. Ɗaya ka zuba mata ƙasar da aka turara, ɗaya ƙasar bakin hanya wadda magani bai taɓa ba. Ka ɗora jiƙaƙƙiyar auduga a kan kowacce, ka barbaɗa irin latas, ka rufe gam, ka ajiye a inuwar rumfa kwana uku. In irin ya tsiro daidai a duka biyun, ƙasa ta huce, a kawo dashe. In ta bakin hanya ta tsiro ta lambu ta ƙi, to akwai sauran guba, duk abin da aka dasa ƙonewa zai yi. Ko wa ya zo maka da gaggawa, tambaya ɗaya kake yi masa: me kwalba ta ce?

Sai baho. A ƙofar lambunka akwai baho cike da ruwan magani, duk mai shiga sai ya tsoma takalminsa, duk fartanyar da ta je wani lambu sai an wanke ta. Ka sha yi mana bayani cewa turare ba ya zaɓe, mai kyau da marar kyau duk yana kashewa, ƙasar ta zama fayau, duk cutar da ta fara shiga a tafin takalmi ita za ta mallake ta ba mai tare ta. Bayani ne da ɗan firamare zai gane. Manya masu furfura ne suka kasa.

Ina tuna dariyar da suka yi maka. A bakin shagon maganin gona suke taruwa, in ka wuce a kan babur da kwalabenka a kwando, sai a yi ta ƙyaƙyatawa. Wai ga likitan ƙasa nan ya tafi duba marar lafiya. Wai ka rufa wa gona bargo kada sanyi ya kama ta. Shi kansa mai shagon, wanda ke juye magani daga babban mazubi zuwa ƙananan robobi marasa rubutu, yana cika su da abin da shi kaɗai ya sani, shi ne ya fara kiranka Mai Kwalba don ya ƙasƙanta ka. Ka karɓi sunan ka amsa, har a ƙarshe ya rasa daɗin faɗa a bakinsu. Laifinka a wurinsa ɗaya ne, kana karanta takardar jikin magani kafin ka saya, kuma kana koya wa mutane su karanta.

Amma dariya ba ita ce ta ci mini rai ba. Abin da ya faru shekara biyar da suka wuce shi ne na kasa haɗiyewa, kuma yau zan rubuta shi ɓaro-ɓaro, tunda kai ka tafi ba ka faɗa ba. A shekarar ne ƙungiyar masu lambu ta ga tumatirinka yana tsaye na kowa yana kwance, sai ta roƙe ka ka turara mata babban filin da mutum ashirin ke nomawa tare. Ka yi kwana shida kana aikin, ka rufe, ka rubuta kwanan wata, ka tafi jinyar mahaifiyarmu. Ciyaman na ƙungiya, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba sai in ana ɗaukar hoto, ya ji labari wasu baƙi za su zo daga hukumar da ke tallafa musu. Ya ce baƙi ba za su zo su kalli leda ba, kore suke son gani. A kwana na sha ɗaya ya sa aka yaye, aka dasa. Dashen nawa ne, da hannuna na rene shi, don haka ba labari aka ba ni ba. Baƙi suka zo, suka tafa, suka tafi. Cikin kwana huɗu filin nan ya ƙone ƙurmus.

Da aka kira taro, Ciyaman ya miƙe ya gyara hula ya ce maganin Mai Kwalba ne ya kashe ƙasar mutane. Mutum ashirin ɗin nan, waɗanda da hannuwansu suka ja ledar, suka sunkuyar da kai ba wanda ya ce uffan. Aka cire sunanka daga ƙungiya. Na zo maka a fusace, na ce ka je ka nuna musu rubutun gawayin, ka ƙirga musu kwanakin a gabansu. Ka ce mini in ka yi haka mutum ashirin za su ji kunya, wanda ya ji kunya kuwa ba zai dawo ya yi tambaya ba, kai kuma so kake su dawo. Na ce maka wannan ba haƙuri ba ne, wauta ce. Ka yi dariya ka ce in je in shayar da dashena.

Kuma sun dawo, Yaya, ka yi gaskiya, amma dubi yadda suka dawo. Ɗaya bayan ɗaya, ta bayan shinge, kowa yana waiwaye kada ɗan'uwansa ya gan shi. Ka karɓe su kamar ba abin da ya faru. Ka je lambun wannan ka auna masa magani, ka je na wancan ka binne masa bakin leda. Washegari ka wuce su a bakin shago, su kau da kai. Na ƙirga mutum sha uku daga cikin ashirin ɗin da ka gyara wa ƙasa a shekarun nan. Ba ɗaya da ya tashi a taro ya ce a mayar da sunanka.

Alherinka ba a wurinsu kaɗai ya tsaya ba. Dattijon nan maƙwabcinmu mai ciwon gwiwa, wanda 'ya'yansa suka watse suka bar shi da fili, kai ka turara masa shekara uku a jere, kana zuwa kowace safiya duba ko iska ta ɗaga leda. Da ya ce bai san abin da zai saka maka da shi ba, ka ce ya tara maka kwalabe in ya samu. Har yau akwai buhu guda na kwalabensa a rumfarka. Na kuma tuna ranar da ka hango wani lebura a filin Ciyaman yana barbaɗa magani da hannu tsirara, ya ɗaure hanci da tsumma. Ka tsayar da babur ka tsallaka, ka cire takunkuminka da safarka ka ba shi, ka tsaya nesa kana nuna masa yadda zai bi iska. Ranar naka aikin bai yiwu ba. Mai filin da ya ji, cewa ya yi kana lalata masa ma'aikata. Shi leburan kuwa yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarka, ya yi kuka har aka riƙe shi.

Ba a gama zaman makoki ba na fara jin abin da ake faɗa a gefe. Wai maganin ne ya ci ka, wai ai dama wanda ya shekara yana wasa da guba ƙarshensa ke nan. Masu wannan magana na san su ɗaya bayan ɗaya. Su ne masu dama magani da sanda su goge hannu a riga, su wanke injin feshi a magudanar da mutane ke ɗiban ruwa, su ba matansu robar magani a zuba gishiri a ciki. Su ne za su yi maka wa'azin guba, kai da ko takalmin aikinka ba ka taɓa shiga da shi gida ba. Likita ya faɗi abin da ya kashe ka, amma ba su son na likita, don nasu labarin ya fi wanke su.

Kwana uku da rasuwarka sai ga motoci biyu a ƙofar gida. Ciyaman ne da sakatarensa da mutum wajen goma, har da mai ɗaukar hoto. Ya zauna a tabarma ya yi jawabi mai tsawo. Ya kira ka gwarzo, ya kira ka ɗan ƙungiya na haƙiƙa, ya ce shi ne ma ya fara gane basirarka. Ya sa hankici a ido, na duba da kyau, hankicin ya koma aljihu a bushe. Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Ƙungiya ta yanke shawarar girmama ka. Za a je lambunka, a yaye gefen leda, manyan baƙi su shiga su dasa tumatir ɗai-ɗai don tunawa da kai, a kafa allo da sunan ƙungiya, a aika wa hukuma hotuna.

Yaya, ranar ledar tana kwana sha biyu. Kusan daidai kwanakin da ya yaye waccan. Mutumin nan shekara biyar bai koyi komai ba, ya zo ya maimaita a kan abincin marayu, wai da sunan girmamawa. Da an yaye gefe ɗaya hayaƙin ya gudu, aikin kwana sha biyu ya tashi a banza. Da takalman nan goma sha, waɗanda suka fito daga filayen da yaushi ya cinye, sun taka ƙasar, cutar da ka yi shekaru kana kora ta dawo ta zauna daram. Matarka ba ta da wani lambun, ba ta kuma da mai sake yi mata wannan aikin a bana.

Ban jira sun gama addu'a ba. Na zura mayafi na bi ta gajeriyar hanya, na riga su isa, na tsaya a ƙofa, baho yana gabana. Da suka sauko Ciyaman ya ce, "Ƙanwata, ba mu hanya mana, abin alheri muka zo yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga rubutu can a ƙofar rumfa. Karanta mini kwanan watan."

Ya ce yanzu ba lokacin wannan ba ne, gefe kaɗan za a ɗaga, minti goma an gama.

Na ce, "Waccan ma gefe kaɗan ka fara ɗagawa. Dashen da ya ƙone nawa ne, ina tsaye ka ba da umarni. In kana son hoto, tsaya nan wajen shinge a ɗauke ka kana faɗa wa mutanen nan wanda ya yaye ledar ƙungiya a kwana na sha ɗaya."

Huɗu daga cikin 'yan rakiyarsa suna cikin mutum ashirin ɗin, na kalle su ido cikin ido, suka shiga duban takalmansu. Sakatare ya ce a yi mini uzuri, zafin mutuwa ne ya taɓa ni. Mai hoto ya sauke na'urarsa. Suka juya, allon da suka zo da shi yana nan a bayan mota ba a sauke ba. Daga baya na ji wai ana cewa ba ni da kunya. Na yarda, kuma ban ga ranar da kunyarsu ta yi wa wani amfani ba.

Daga ranar ni da matarka muka raba gadi. Ita da safe, ni da yamma. Mu zaga bakin ledar, inda iska ta tone mu binne, inda tsuntsu ya huda mu liƙe. A kwana na ashirin da ɗaya muka yaye, leburan nan da ka ba takunkumi ya zo da kansa ya juya mana ƙasar, sai da ya tsoma takalmi da fartanya a baho ba wanda ya ce masa. Muka bar ta mako guda tana shan iska. Da lokacin kwalba ya yi muka nemi irin latas a rumfa muka rasa. Matarka ce ta tuna da kayan da asibiti ya maido mana. A aljihun rigar da aka kwantar da kai da ita akwai 'yar takarda a nannaɗe, irin yana ciki. Ka riga ka tanada. Ta zauna a ƙasa da takardar a hannu ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Muka haɗa kwalabe biyu yadda kake yi, muka jira kwana uku. Ta bakin hanya ta tsiro kore shar. Ta lambu ko gezau.

A nan ne, Yaya, zan faɗi wanda ya fi mini nauyi, don bai kamata in tona kowa in rufe kaina ba. Dashen da zai shiga lambun nan ni na rene shi, na shuka shi ranar da ka shimfiɗa leda, kamar yadda muka saba auna kwanaki. Ya riga ya isa dashi, ya fara zanƙalewa, karan ya yi tsawo ya sirance, ganyen ƙasa ya fara rawaya. Duk wanda ya san sana'ata ya san in dashe ya wuce lokacinsa ba ya yin ƙarko. Ga maganganu sun taso a bakin shago, wai Mai Kwalba ya zuba magani fiye da kima ya kashe ƙasar iyalinsa kafin ya mutu. Na ɗebo ƙasar na shinshina ban ji warin komai ba. Na ce a raina ai kwanaki sun cika har sun wuce, wataƙila audugar ce ta bushe. Da sassafe na loda dashe a baro na turo har ƙofar lambu.

Matarka tana tsaye a bakin rumfa. Matarmu, kamar yadda nake tsokanarta, wadda tun da ka kawo ta gidanmu ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta dubi baron ta dube ni, ta ce, "Gwaggon yara, me kwalba ta ce?"

Na ce mata dashe zai lalace.

Ta ce, "In ya lalace za ki reni wani. Ƙasar fa?"

Na tsaya riƙe da hannun baro, kunya ta rufe ni. Ni da na tsare ƙofa na wanke Ciyaman tas a gaban mutanensa, ga ni a ƙofar nan da dalilina mai kyau, zan yi abin da ya yi. Shi baƙinsa ne suka matse shi, ni dashena. Na juya baron na mayar da shi inuwa, na rage masa ruwa don ya daina miƙewa. Muka sake juya ƙasar, muka ƙara mata kwana biyar, muka haɗa sababbin kwalabe da ragowar irin takardarka. Ragowar ke nan, ba wani bayansa.

Kwana ukun nan ban san yadda suka wuce ba. Ranar ta uku da safe matarka ta riga ni zuwa. Na same ta zaune a kan buhun kwalaben dattijo, ta jera biyun a gabanta. Duka sun tsiro, tsawonsu ɗaya, fararen saiwoyi sun kama auduga. Ta miƙo mini ta lambun. A ranar muka dasa, mu biyu da 'ya'yanka da leburan. Na zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na dashen da ya wuce gyara, sauran muka binne karansa da zurfi. Yau kwanansu takwas a ƙasa. Na zaga da azahar, lokacin da mai ciwo ke langaɓewa, na bi kunya-kunya ban ga ko ɗaya a kwance ba.

Shekaranjiya Ciyaman ya dawo, shi kaɗai, ba mai hoto. Yaushi ya shiga filinsa. Bai zo neman gafara ba, kada wani ya ɗauka haka, bai ko ambaci abin da ya wuce ba. Ya tsaya a wajen shinge yana leƙen kunyoyinmu, ya tambayi matarka yadda ake yi. Ni da na so, da ya koma yadda ya zo. Ita ta ce da kana nan da ka faɗa masa, ta tsaya ta yi masa bayani tiryan-tiryan, har ta ɗauko kwalabe biyu daga buhu ta miƙa masa ta saman shinge. Ya juya su a hannu, sannan ya tambaya ko ba za a iya rage kwana ashirin da ɗayan zuwa sha huɗu ba. Wannan shi ne mutumin da ya cire sunanka daga ƙungiya.

Ban yafe musu ba, Yaya, ba zan yi maka ƙarya a takarda ba. Kai ka yafe tun kana raye, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, kuma ina fata ka tarar da shi a can. Abin da zan iya yi maka shi ne wanda na kusa kasawa. Bahon yana nan a ƙofa, ina canza ruwansa, kuma ni ce ta farko da ke tsoma ƙafa kowace safiya. Rubutun gawayinka na ƙarshe mun hana a goge.

Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana. Allah ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata maka makwanci, ya sanyaya maka ƙasar da ka kwanta a ciki kamar yadda ka yi rayuwarka kana kyautata wa ƙasa. Duk bakin da ya ci daga lambun da ka gyara, wanda ya gode da wanda ya kau da kai, Allah ya sa ladan a mizaninka, ya haɗa ka da iyayenmu a gidan aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta riƙe amanarka ranar da ni na saki, Allah ya ba ta dangana ya sa albarka a hannunta. Ina yi wa 'ya'yanka biyu, Allah ya raya su ya ba su haƙurinka. Ina yi wa dattijo maƙwabcinmu, da leburan da ya zo ba a kira shi ba, da duk wanda ya yi kukanka da gaske. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Kwalbar ta tsiro, Yaya. Mun dasa.